Mahaɗin Da Na Zuba Wa Malama

Masu karatu, wanda ya biyo ni tun farko ya yi haƙuri, zan taƙaita wa baƙo.

Ni mai sayar da ganye da saiwa ne a kasuwa. Rumfar ta ubana ce, shi ma ta ubansa ce. Na haura sittin. Matata ta rasu tun autana yana firamare, yanzu shi ma yana da 'ya'ya. Ban sake aure ba, ban kuma nemi shawarar kowa a kan haka ba. Sai ga Malama.

Malama tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun kama gabansu, ita kuma ta koma karatu da furfura a goshi tana neman babban digiri. A kan sabara take bincike. Ranar da ta fara zuwa rumfata ta tsaya da tabarau a kan hanci da farar rigar aiki a ninke a hannu. Ta ce tana son ganyen sabara wanda ya bushe a inuwa, a daka, kada a haɗa shi da komai. Ta maimaita. Na ce na ji.

Na tambaye ta me take nema a ganyen da ke cike da kowane bakin hanya. Sai ta ɗauki tsohuwar wuƙar da nake yanka saiwa da ita.

"Ka ga tsatsar nan? Iska ce ta ci ƙarfen. Jikin mutum ma akwai abin da ke cinsa haka daga ciki, a hankali. Wasu tsirrai suna ɗauke da sinadarin da ke tare wannan cin. Shi nake aunawa."

"Wato maganin tsufa."

"Ban ce ba. Abin da ganye ya yi a kwalba daban, abin da zai yi a jikin mutum daban. Kada in ji ka rubuta a bakin rumfa."

Babu macen da ta taɓa yi mini gargaɗi a rumfata. Ban ji haushi ba. A nan na gane akwai matsala.

Ta taɓa kai ni wurin aikinta na gani. Suna da wani ruwa shunayya a ƙananan kwalabe. In aka ɗiga masa ruwan ganye mai ƙarfi sai shunayyar ta gudu, ya koma ruwan ɗorawa. In ganyen ba shi da ƙarfi sai ya tsaya yana kallonka. Na farkon da na ba ta ya juya, amma da ƙyar, kamar wanda aka tasa daga barci. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce ba laifi, haka na kowa yake bayarwa. Ta yi murmushin da ake yi wa baƙo. Na tafi da fuskar nan gida.

Yanzu ku saurara. A sana'armu ba a ba mutumin da ake girmamawa ganye tsirara. Kowane ganye yana da mahaɗinsa, ɗan abin da ake ƙara masa ya tashe shi. Kowane gida da nasa, kuma ba a faɗa. Ubana sai da ya kwanta ciwon ajali ya gaya mini na sabara, ya sa na yi masa alkawarin ba zai fita daga gidanmu ba. Kanumfari ne, a gasa sama-sama, a niƙe, abin da yatsu uku za su ɗauka a kowane kwano. Yau ga shi kuna karantawa a waya. Za ku ji dalili.

Da damina ta faɗi ta dawo neman sabon ganye. Na zuba mata mahaɗi. Ba mantawa na yi da abin da ta ce ba. Na ɗauka dai ita ta san kwalba, ni na san ganye. Kuma ina so in ga dariyarta ta gaskiya.

Na gani kuwa. Ta zo rumfa tana haki, mayafi na zamewa, ta ce ruwan ya juye kafin ta ajiye kwalbar. Ta ce ta gano abu: ganyen farkon damina ya ninka na rani ƙarfi. Na rani dai shi ne wancan na farko da ta saya da yawa ta ajiye. Duk wanda ta karɓa bayan nan da mahaɗi na ba ta. A kan wannan ta gina aikinta gaba ɗaya. Sau ɗaya ta shinshina ta ce ganyen na ƙamshi. Na ce a rumfata komai ƙamshi yake. Ba ƙarya na yi ba. Haka na gaya wa kaina.

A cikin wannan daminar ta daina ce mini Baba mai ganye, ta koma Mai ganye kawai. Mai hankali ya gane. Na faɗa mata abin da ke raina a tsaye, ba kwana-kwana. Ta ce in je wurin wanta, tsohon hedimasta, a gidansa take zaune. Ya dubi farcena da ganye ya rina, ya ce a bari ta gama karatu tukuna. Na gane abin da yake nufi. Na koma na jira.

Nan muka tsaya.

Ranar da abin ya fashe babbar 'yata tana gida. A gidanmu Alƙaliya ake ce mata, don tun tana ƙarama ba ta barin magana sai ta yanke mata hukunci. Takan zo ta share mini ɗaki, ta duba tukunya, ta duba ni. Tana guga a tsakar gida, farar rigata ta zuwa gidan Hedimasta a kan tebur, gawayi na tartsatsi a cikin dutsen guga. Ni ina kan kujerar roba ina yanke farce.

Waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Malama. Kunnena ɗaya ya yi nauyi, don haka da ƙarfi nake sauraron saƙo, duk gidan ya saba.

"To, amarya ta tashi," in ji Alƙaliya. Ba ta ɗaga kai ba.

Na danna.

"Mai ganye, ina kwana. In kana tsaye ka zauna." Muryar a shaƙe take. "An aika aikina wata makaranta su maimaita, haka ake yi. Sun tsinko nasu ganyen na farkon damina, bai kai ko rabin nawa ba. Sai suka karɓi ruwan nawa suka bincika. Sun ce akwai man kanumfari a ciki. Muna da kwalbarsa a sito, kuma makullin siton a hannuna yake. Sun ce ni na zuba don sakamako ya yi kyau. An dakatar da ni. Gobe kwamiti zai zauna. Ban san abin da zan ce musu ba."

Saƙon ya ƙare. Wata kaza ta ratsa tsakar gidan.

Alƙaliya ta ɗaga dutsen guga daga kan rigar a hankali ta jingine shi. Tun tana yarinya ita ke gasa mini kanumfari. Ba ta buƙatar bayani.

"Baba."

"Na ji ki."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na san abin da za ki ce."

Ta jawo turmi ta kifa ta zauna a gabana, ta gyara ɗankwalinta. In ta yi haka an buɗe kotu.

"Ka zuba mata."

"Karramawa na yi."

"Ka karrama ta har ta rasa aiki." Ta yi 'yar dariya ba daɗi. "To, abin da ya faru ya faru. Yanzu sai ka rufe bakinka."

Na dube ta.

"Kada ka harare ni, ba ni na zuba ba. In ka buɗe baki, gobe duk kasuwa za a ce mai ganye yana cakuɗa wa mutane kaya. Ba wanda zai ce mahaɗi, algus za su ce. Auta da zai gaji rumfar fa, me zai gada? Kuma ka yi wa kakanmu alkawari yana kan gadon mutuwa. Ina wurin, ni na riƙe masa kofi."

"Matar fa?"

"Matar ta yi karatu. Masu karatu sun san yadda suke fitar da junansu." Ta sunkuyo. "Kuma Baba, in faɗa maka gaskiya? Ni dama abin da ya hana ni son maganar nan, matar da za ta fita da safe da jaka ta dawo da yamma tana gyara mana magana. In sun sallame ta sai ta zauna a ɗaki kamar kowa. Ba abin da kake so ba ke nan?"

"Ƙarasa gugar."

"In ma ta matsa, ka ce turmi ne. An daka kanumfari a ciki ba a wanke ba. Kuskure ne, kowa na yi."

"Na ce ƙarasa gugar."

Ta ƙarasa. Ta ƙona mini gefen aljihu, na kuma san da gangan ne.

Da la'asar na isa gidan Hedimasta. Falonsa kamar ofis yake. Kujeru masu rigar leda, kabad cike da littattafan da suka yi ja, hoton ɗalibai a jere a bango, shi a tsakiya da sanda. Duk zuwan da na yi a baya a kujerar bakin ƙofa yake ajiye ni. Ranar nan ya nuna mini ta kusa da shi. Ya sa aka kawo ruwa a kofin gilashi.

"Malam, ka ji abin da ya same mu."

"Na ji."

"Ni na san ƙanwata. Ba za ta yi ba. Amma sanina ba hujja ba ne." Ya cire hula ya shafa sanƙo ya mayar. "Gobe za su kore ta. Jibi gari ya ɗauka. Mace mai shekarunta, ba miji, ba aiki, ga sunan maguɗi. Na zauna na yi tunani. Maganar da ka zo da ita kwanaki, na ce a jira. Yanzu ban ga abin jira ba. In har kana nan a kan bakanka, ka turo mutanenka. A yi abin nan ba hayaniya."

Masu karatu, ku sa kanku a kujerar nan. Abin da na yi ta zarya a kansa, ana kallon farcena, ga shi an miƙo mini da hannu biyu. Abin da ake nema daga gare ni kawai in sha ruwa in ce na gode.

Na ɗauki kofin. Na ajiye ban sha ba.

"Ita ta sani?"

"Za ta sani. Ba ta cikin halin zaɓe."

Sai labule ya motsa. Malama ta fito. Doguwar riga ce toka-toka a jikinta, ta zaman gida, wuyan ya saki. Ba tabarau. Ban taɓa ganinta ba tabarau ba sai in tana murza ido. Idanun sun kumbura. Ta gaishe ni a tsaye.

"Yaya, zan raka shi ƙofa."

"Bai gama shan ruwa ba."

"Ya gama."

Muka fita. Akwai wata bishiyar lemo a bakin ƙofar gidan, ƙarƙashinta muka tsaya. Yara na buga ƙwallo a layi. Ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Na ji abin da Yaya ya ce maka. Bar wannan tukuna. Tambaya zan yi maka. Tun safe nake juya ta. Turmin da kake daka mini ganye, ana daka wani abu a ciki?"

Ga ƙofar da Alƙaliya ta nuna mini, Malama da kanta ta buɗe.

"In na ce e, zai fitar da ke?"

"A'a." Ta girgiza kai. "Na faɗa musu haka da safe. Sun ce ragowar turmi ba ta zuwa daidai. Yau da yawa, gobe kaɗan, jibi babu. Wannan kuwa duk ganyen da suka gwada adadin ɗaya ne, kamar an auna. Sun ce hannun wanda ya saba awo ne. Wa ya saba awo in ba ni ba?" Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Ni dai ina so in san daga ina. Ko don in yi barci."

Ƙwallon yaran ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Na ture musu.

"Ba turmi ba ne," na ce. "Hannuna ne."

Ba ta gane ba da farko. Ta tsaya tana duban bakina.

"Mahaɗin sabara ne a gidanmu. Yatsu uku a kwano. Tun ganyen farkon damina nake zuba miki."

Na zaci za ta yi ihu. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta dafa bishiyar kawai.

"Na ce maka kada a haɗa da komai."

"Kin ce."

"Na maimaita."

"Kin maimaita."

"Na tambaye ka ƙamshin."

"Kin tambaya."

"Na tsaya gaban manya na ce damina ce. Na sa ɗalibai sun tafa mini. Na kira 'yata a waya ina kuka don murna." Ta saki bishiyar. "Ka san me ka ɗauke ni? Yarinyar da ake ba alewa ta daina kuka."

"Ban ɗauke ki haka ba."

"To me?"

Ina da amsa. Mutum irina dai bai saba furta irinta ba.

Ta goge fuska da gefen mayafi. Da ta sake magana muryar aiki ce, wadda take yi wa ɗalibai.

"Aikin ya mutu. Ko ka yi magana ko ba ka yi ba, ya mutu. Sunana ne kawai ya rage. In na je na ce mai ganye ne ya zuba, za su ce na sami talaka na ɗora masa. In ka je ka faɗa da baki, za su ce saurayinta ne, ya zo ceto. Sai dai ka haɗa a gabansu, su gwada, ya fito daidai da nawa. Za su rubuta komai. Abin da ake zubawa, da yawansa, da sunan rumfarka."

"Na yi wa ubana alkawari."

"Na sani. Ban ce ka zo ba. Na gaya maka abin da zai fitar da ni ne kawai."

Ta juya za ta shiga. Sai bakina ya yi abin da ban aike shi ba.

"Maganar da wanki ya yi fa?"

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"In ka yi shiru zai ba ka ni. Kuma zan zo, don ba ni da wurin zuwa. Zan dafa maka abinci, in wanke maka riga. Kullum in ka dube ni ka san na sani."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Washegari na tashi na ɗaure kaya a buhu. Ƙaramin turmi, taɓarya, rariya, kwanon awo, busasshen ganye, kanumfari a ƙullin leda, da kaskon gashi. Alƙaliya ba ta koma gidan mijinta ba, a nan ta kwana don ta tsare ni. Na same ta a zaure ta baje a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Ina zuwa da turmi kamar mai ƙaura?"

"Matsa."

"Baba, don mace? Da furfurarka?"

"Matsa, na ce."

"Kakanmu fa? Me za ka ce masa?"

"Shi ya ce kada in faɗa. Bai ce in zuba wa wanda ya ce kada a zuba ba. Wannan laifin nawa ne. In mun haɗu ni da shi za mu yi."

"In ta fita daga zargin nan ba za ta aure ka ba. Ka sani ko? Ta koma ofishinta, kai ka koma rumfar da ba mai zuwa."

"Na sani."

Ta janye ƙafa ɗaya, iyakar inda zan wuce. Da na kai waje ta ce a bayana, "Rigar da ka sa a ƙone take."

"Ke kika ƙona."

A makarantar mai gadi ya hana ni shiga da buhu sai da ya zazzage shi a ƙasa. Ya ɗaga taɓarya ya ce wannan makami ne. Na ce in makami ne uwarsa soja ce. Ya yi dariya ya bar ni.

Ɗakin kwamitin yana hawa na biyu. Dogon tebur, fanka na juyawa, mutum biyar a gefe ɗaya, Malama ita kaɗai a ɗaya gefen. Ta sa atamfa mai duhu da farin mayafi, ta mayar da tabarau. Hedimasta na zaune a bango da sanda tsakanin gwiwoyi. Da na shigo ya miƙe rabi.

"Malam, me ya kawo ka?"

Ban kula shi ba. Shugaban kwamitin wani farfesa ne siriri mai gemu fari. Ya dubi buhuna ta saman tabarau.

"Baba, ka ɓata hanya ne?"

"Ni ne mai ganyen. Ni na zuba kanumfarin. Ita ba ta sani ba sai jiya."

Wata mata a cikinsu ta ajiye biro.

"Kana da dangantaka da ita?" in ji farfesan.

"Ina neman aurenta."

Wani mai ƙiba a ƙarshen tebur ya yi tsaki da murmushi. "To ai shi ke nan. An kawo shaida daga gida."

"Ban zo ku yarda da bakina ba. Ku ba ni wuta da wurin zama."

Suka dubi juna. Farfesan ya tashi, ya ce a sauka ɗakin gwaji.

A ƙasa na zauna, tsakanin dogayen teburansu na dutse, na miƙe ƙafa. Suka kawo nasu ganyen, wanda suka tsinko da kansu, don kada a ce nawa ne. Na gasa kanumfari a kan ɗan murhunsu mai shuɗiyar wuta har ya fara tsatsa mai. Na niƙa. Na daka ganyen na tankaɗe na cika kwano. Na sa yatsu uku. Kafin in zuba matar nan ta tare hannuna, ta sa na sake a kan sikelinsu, ta rubuta. Ta ce in sake ɗiba. Na sake. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta nuna wa farfesan takardar, awon uku duk ɗaya.

Abin da ubana ya raɗa mini a kunne, ƙofa a rufe, ga shi ana karanta shi da ƙarfi, wani na bugawa a kwamfuta. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ban sunkuyar da kai ba.

Aka jiƙa garin, aka kaɗa, aka tace. Ya ɗauki lokaci. Ba wanda ya ba ni kujera, ban kuma nema ba. Malama na tsaye can jikin taga, an hana ta taɓa komai. Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba.

Suka jera kwalabe biyu na ruwan shunayya. A ɗaya aka ɗiga na ganye tsirara. Ya juya kaɗan, ya tsaya. A ɗaya aka ɗiga nawa. Shunayyar ta watse nan take. Aka sa a na'ura, ta fitar da lamba. Matar ta buɗe babban littafin aikin Malama ta ɗora yatsa a kan wani layi mai lamba iri ɗaya. Mai ƙibar ya leƙa, ya ja baya, ya sosa ƙeya.

Farfesan ya jingina da tebur ya dube ni daga sama.

"Baba, saura tambaya ɗaya, kuma dole a rubuta amsarta. Ta ce maka kada ka haɗa?"

"Ta ce."

"Ta biya ka ka haɗa? Ko wani ya biya ka?"

"Ba a sayen mahaɗi."

"To me ya sa ka zuba?"

Mutum biyar, da Hedimasta, da mai kwamfuta da yatsunsa a sama yana jira. Na nemi wata amsar ban samu ba.

"Na farko bai yi ƙarfi ba. Na ga ranta ya ɓaci. Ba na so in sake gani."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba ni da abin da zan ba mace irinta. Wannan kaɗai nake da shi mai daraja, na ba ta."

Mai kwamfuta ya dubi farfesan. Farfesan ya ce, "Rubuta yadda ya faɗa." Sannan ya ce in jira a waje.

Na tattara kayana na fita baranda. Akwai benci, na zauna da buhu tsakanin ƙafafuna. Ɗalibai na wucewa suna kallon tsoho da turmi. Hedimasta ne ya fara fitowa. Ya tsaya a kaina.

"Maganar jiya," ya ce, "ka ɗauka ban yi ba."

"Na ɗauka tun jiyan."

Ya buga sanda ya sauka.

Can sai ga ta. Ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta ajiye jakarta a tsakaninmu. Ta daɗe tana kallon filin da ke ƙasa.

"Sun janye dakatarwar," ta ce. "Za a rubuta mini gargaɗi, don na karɓi gari ban ga ganyen da idona ba. Wannan laifina ne, na karɓa. Aikin kuma an soke. Daga farko zan fara."

"Zan kawo miki ganye."

"A'a."

Na gyaɗa kai. Na kama bakin buhu zan tashi.

"Ban sallame ka ba."

Na saki buhun.

"Ba zan sake karɓar gari daga hannunka ba. Ko na shayi. Da hannuna zan tsinka, ni zan shanya, ni zan daka. Amma ban san jeji ba. Ban san inda sabara take fitowa da kyau ba, ban san wadda aka yi wa feshi ba." Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, ido cikin ido. "Har yanzu ina jin haushinka. Kada ka ɗauka ya wuce. Ban san ko zai wuce ba."

"Na ji."

"Ranar hutu za ka kai ni. Kai nuni kawai za ka yi, hannunka a baya."

"Wanki ya janye maganarsa."

"Yaya ya ba ka abin da ba nasa ba, ya kuma karɓe abin da ba nasa ba." Ta miƙe ta rataya jaka, ta gyara mayafi. "Jiya na tambaye ka me ka ɗauke ni, ka yi shiru. Yau ka amsa wa farfesa a gaban mutane. Ni ba ka amsa mini ba. In mun je can, inda ba kwamiti, zan sake tambaya. Abin da na ji daga bakinka, a kansa zan yanke."